Yadda na haɗa wayoyin reshe da na'urar kira ta babban ofis ta cikin VPN

Aikin da aka ɗora mini shi ne in sa wayoyin tebur na wani reshe su riƙa aiki da na'urar rarraba kira da ke babban ofis, ta yadda ma'aikaci a reshe zai danna lambar ciki ya samu abokin aikinsa a babban ofis, kuma idan ya kira waje, kiran ya fita ta layukan da ma'aikatar ta riga ta mallaka. Na'urar rarraba kiran tana gudana ne a kan manhajar Asterisk, wayoyin kuwa duk na intanet ne masu aiki da ƙa'idar shirya kira mai suna SIP. Shugabannin wurin ba su yarda a buɗe na'urar ga duniya ba, kuma ina tare da su a kan haka, domin duk na'urar kiran da aka bar ƙofarta mai lamba 5060 a buɗe a intanet, ba a daɗewa masu laluben kalmar sirri suke far mata, suna neman lambar da za su riƙa kiran ƙasashen waje da ita a bar mai ofis da biya. Saboda haka aka tsayar da shawara cewa komai zai bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanya da ke lulluɓe saƙo a cikin intanet, tsakanin ofisoshin biyu.

Kafin in taɓa wata waya, sai da na zauna na rubuta rukunan adireshin da ke kowane ɓangare, kuma a nan cikas na farko ya bayyana. Kwamfutocin babban ofis suna cikin rukunin 192.168.1.0/24, na reshe ma suna cikin wannan rukunin, domin shi ne wanda rautoci da yawa, wato na'urorin da ke miƙa saƙo daga rukuni zuwa rukuni, suke zuwa da shi daga masana'anta, kuma ba wanda ya ga dalilin canza shi a lokacin da ofisoshin ba su da wata alaƙa. Matsalar ita ce duk kwamfutar da ta ga adireshin da take nema yana cikin rukuninta, ba za ta miƙa saƙon ga rauta ba, sai dai ta yi shela a cikin gida tana neman mai adireshin, don haka saƙon ba zai taɓa kaiwa bakin VPN ba. Ana iya kauce wa wannan ta hanyar fassara adireshi, wato abin da ake kira NAT, a tsakanin ɓangarorin biyu, amma na ƙi bin wannan hanyar, saboda SIP yana rubuta adireshi a cikin jikin saƙonsa, kuma duk fassarar da aka ƙara a hanya wata damuwa ce da za ta dawo daga baya. Na sauya reshen zuwa 192.168.50.0/24, wanda shi ma yana cikin adireshin da aka keɓe don amfanin cikin gida a takardar RFC 1918 ta shekarar 1996. Sauyin bai ɗauki lokaci ba, in ban da na'urorin buga takarda da aka sa wa adireshi da hannu, waɗanda sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wayoyin babban ofis da na'urar rarraba kiran suna zaune ne a nasu rukunin daban, wato 192.168.20.0/24, na'urar kuma tana kan 192.168.20.5. Ke nan rukuni uku ne a cikin lissafin, ba biyu ba, kuma wannan na ukun shi ne wanda ake yawan mantawa idan mai kafa VPN yana tunanin kwamfutoci kawai. Na zaɓi manhajar VPN mai suna WireGuard don haɗin. A cikinsa akwai jerin da ake kira AllowedIPs, wanda yake aiki biyu a lokaci guda: yana nuna rukunan da za a tura ta cikin haɗin, kuma yana tace abin da ya fito daga cikinsa, ta yadda duk fakiti, wato ƙunshin saƙo, da ya zo da adireshin da ba ya cikin jerin za a jefar da shi ba tare da wata sanarwa ba. A ɓangaren reshe na rubuta rukunan babban ofis guda biyu, a ɓangaren babban ofis kuma na rubuta rukunin reshe. Akwai wasu tsare-tsaren VPN kamar IPsec da OpenVPN. Da IPsec aka yi amfani, da sai an kafa yarjejeniyar zango na biyu ta yadda za ta ƙunshi kowane rukuni da takwaransa, da OpenVPN ne kuwa, da sai an ƙara umarnin iroute don sabar ta san rukunin da ke bayan abokin haɗinta. Suna ne ya bambanta, amma buƙatar ɗaya ce. Da yake layin intanet na reshen yana bayan NAT na kamfanin da ke ba shi intanet, na sa shi ya riƙa aika ɗan saƙon raya haɗi duk daƙiƙa 25, don kada hanyar dawowa ta rufe idan an ɗan jima ba a yi magana ba.

A babban ofis, na'urar da ke riƙe da VPN ba ita ce babbar rauta ba, wata ƙaramar kwamfuta ce mai Linux a kan 192.168.1.2. Wannan yana nufin cewa na'urar rarraba kira, idan za ta mayar da amsa ga wayar reshe, za ta miƙa ta ga babbar rauta, ita kuwa ba ta san inda 192.168.50.0 yake ba, sai ta tura amsar waje zuwa intanet inda za ta ɓace. Na ƙara mata tsayayyiyar hanya da ke cewa duk abin da za shi wancan rukunin a miƙa shi ga 192.168.1.2, sannan na kunna tura fakiti a kan kwamfutar mai Linux. Yawancin bayanan koyarwa da ake samu suna ƙara wata doka da ke ɓoye adireshin masu fitowa daga VPN a bayan adireshin na'urar da ke riƙe da shi, domin hakan yana sa komai ya yi aiki nan take ba tare da an taɓa babbar rauta ba. Ga mai buɗe shafukan intanet wannan ba laifi, amma ga waya ban yarda da shi ba, saboda ina so na'urar rarraba kira ta ga kowace waya da ainihin adireshinta.

Gwajin ping, wato aika ɗan saƙo don a ga ko amsa za ta dawo, na yi shi ne daga kwamfutar hannu da na jona a ramin bangon da waya za ta shiga, ba daga kan rautar ba. Dalili shi ne rauta takan yi amfani da adireshinta na cikin VPN wajen aika gwajin, sai a ga amsa ta dawo, alhali kuwa wayar da ke bayanta ba ta da hanya. Amsa ta dawo daga 192.168.20.5, kuma a wannan matakin ne mutane da yawa suke ɗauka aiki ya ƙare.

Da aka jona wayoyin, sun samu adireshi, amma ba su samu saitinsu ba. A babban ofis, sabuwar waya takan aika shela zuwa adireshin rukuni na 224.0.1.75 tana neman wanda zai gaya mata inda saitinta yake, kuma irin wannan shelar ba ta tsallake rauta, balle VPN. Na gyara wannan ta hanyar sa sabar DHCP ta reshe, wato mai raba wa na'urori adireshi, ta riƙa ba wayoyin zaɓi mai lamba 66, wanda ke ɗauke da adireshin sabar saiti. Na fi son a ɗauko fayilolin ta HTTPS maimakon TFTP, domin TFTP yana fara magana a ƙofa ta 69 sannan ya amsa daga wata ƙofa dabam da ba a sani ba tukuna, abin da katangar tsaro ba ta cika so ba, kuma fayilolin suna ɗauke da kalmomin sirrin wayoyin. A nan ma sai da na nuna wa wayoyin sabar lokaci, saboda wayar da agogonta bai daidaita ba tana iya ƙin amincewa da takardar shaidar sabar. Katangar tsaron da ke kan na'urar rarraba kiran ita ma ba ta san rukunin reshe ba, na shigar da shi cikin amintattu, nan take wayoyin suka yi rajista, sunayen ma'aikata suka fito a fuskokinsu.

Kiran gwaji daga reshe zuwa babban ofis ya shiga, wayar ta yi ƙara, an ɗauka. Wanda ke reshe yana jin na babban ofis sarai, amma na babban ofis ba ya jin komai, kuma bayan kimanin rabin minti kiran ya yanke da kansa. Ko da aka maimaita, abin bai canza ba, tsawon lokacin ma bai canza ba. Wannan daidaiton lokacin shi ne ya nuna mini inda zan duba, domin layin da ke tangal-tangal ba ya yanke kira bayan tsawon lokaci iri ɗaya a kowane karo.

Kiran waya ta intanet abu biyu ne da ke tafiya a hanyoyi biyu. SIP shi ne mai shirya kiran, shi ke cewa wane ne ke kiran wane, an ɗauka ko ba a ɗauka ba, an ajiye ko ba a ajiye ba. Muryar kanta tana tafiya ne da wata ƙa'ida mai suna RTP a kan UDP, wato hanyar aika fakiti da ba ta sake aiko abin da ya ɓace, kuma a tsarin Asterisk na yau da kullum tana amfani da ƙofofi daga 10000 zuwa 20000. Abin da ke haɗa biyun shi ne wani ɗan bayani da ake kira SDP a cikin saƙon SIP, inda kowane ɓangare yake rubuta adireshi da ƙofar da yake so a aiko masa da murya. Kamar wasiƙa ce da adireshin bayan ambulan yake daidai, amma a cikinta marubucin ya ce a aiko masa da amsa zuwa wani gida dabam. Ɗan aike ya yi aikinsa, amsar ce ba za ta iso ba. Rauta da VPN suna duba bayan ambulan ne kawai, ba ruwansu da abin da aka rubuta a ciki.

Na buɗe sngrep, manhajar da ke nuna saƙonnin SIP, a kan na'urar rarraba kiran, na sa aka sake kira, na karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Saƙon INVITE, wato na neman fara kira, ya iso daga wayar reshe da adireshinta na gaskiya. Amsar 200 OK, wato mai nuna an ɗauka, da na'urar ta mayar kuwa tana ɗauke da adireshin babban ofis na waje, wato wanda duniya take gani, a cikin SDP da kuma layin Contact. Na'urar ba ta yi haka da ganganci ba. An saita ta tun farko da adireshin waje saboda layukan da take karɓa daga kamfanin sadarwa suna ratsa NAT, kuma ƙa'idarta ita ce duk wanda adireshinsa ba ya cikin jerin rukunan gida, baƙo ne daga intanet, sai a ba shi adireshin waje. Rukunin 192.168.50.0 ba ya cikin jerin. Saboda haka wayar reshe ta bi umarnin da aka ba ta, ta riƙa aika muryarta ta intanet zuwa ƙofar babban ofis ta waje, inda katangar tsaro take jefar da ita, yayin da muryar babban ofis take bin VPN zuwa wayar ba tare da matsala ba.

Yankewar kiran ma daga nan take. Bayan 200 OK, dole ne mai kira ya aiko da saƙon ACK don tabbatar da cewa ya samu, kuma yana aika shi ne zuwa adireshin da ke layin Contact. ACK ɗin ya bi muryar zuwa waje ya ɓace. A ƙa'idar SIP, kamar yadda take a RFC 3261 ta shekarar 2002, mai amsa zai ci gaba da maimaita amsarsa har tsawon ninki 64 na wani ma'aunin lokaci da ake kira T1, wanda yake rabin daƙiƙa, wato daƙiƙa 32 ke nan, daga nan ya haƙura ya rufe kiran. Gyaran layi ɗaya ne: na ƙara rukunin reshe a saitin local_net, wato jerin rukunan gida na PJSIP, ɓangaren Asterisk mai kula da SIP, sannan na sake tayar da manhajar gaba ɗaya bayan an tashi daga aiki, domin irin wannan sauyin ba ya cika kamawa da sake loda saiti kawai. Kira na gaba ya tafi da murya ta ɓangarorin biyu, kuma ya wuce minti ɗaya lafiya.

Saura wata matsala mai kama da wannan amma tushenta dabam. A wasu kiran, ana jin gaisuwar farko, sai shiru ya biyo baya a ɓangarorin biyu. Abin da ke faruwa shi ne da zarar an ɗauka, na'urar takan aika sabon INVITE ga wayoyin biyu tana gaya musu su riƙa aika wa juna murya kai tsaye, ita ta janye daga tsakani. Dokar da na rubuta a katangar tsaro ta ba reshe damar kaiwa ga 192.168.20.5 kaɗai, ba ga sauran wayoyin da ke rukunin ba. Zaɓi biyu ne a gabana, ko in buɗe dukkan rukunin wayoyin ga reshe, ko in hana na'urar janyewa. Na zaɓi na biyu, na kashe direct_media, wato saitin aika murya kai tsaye, a kan lambobin reshe, saboda kowane kamfanin ƙera waya yana da nasa jerin ƙofofin murya, kuma dokar da za ta ƙunshe su duka za ta yi faɗin da ba na so. Wannan zaɓin yana da nauyinsa, domin ma'aikata biyu da ke ɗaki ɗaya a reshe idan suka kira juna, muryarsu sai ta je babban ofis ta dawo, ta ci gurbin kira biyu a kan layin. Ga ƙaramin reshe na ga abin bai kai a damu ba, amma da wayoyin suna da yawa, da na sake lissafi. A wannan zaman ne kuma na kashe SIP ALG a kan rautocin biyu. An yi shi ne don ya gyara adireshin da ke cikin saƙon SIP yayin ratsa NAT, amma a cikin VPN babu abin da zai gyara, kuma yana iya taɓa saƙon kafin a lulluɓe shi, ya ɓata abin da yake daidai.

Wayar mai karɓar baƙi ta reshe tana da maɓallai masu fitila da ke nuna wanda yake kan layi da wanda ba ya kai, kuma fitilun nata sukan maƙale. Saƙonnin da ke sabunta su manya ne, haka ma INVITE idan waya ta jero duk kodek ɗin da ta iya, wato hanyoyin mayar da murya lambobi. Layin Ethernet yana ɗaukar fakiti mai bayit 1500, amma WireGuard yana rage wannan zuwa 1420 a bisa al'ada don ya samu wurin nasa lulluɓin, sai babban saƙo ya tsage gida biyu, kuma wasu na'urorin da ke hanya ba sa barin gutsuren fakiti ya wuce. Ƙa'idar SIP da kanta ta ce saƙon da ya haura bayit 1300, idan ba a san iyakar hanyar ba, a aika shi ta TCP, wato hanyar da ke yanka saƙo daidai da faɗin layi, ta kuma sake aiko abin da ya ɓace. Na rage jerin kodek a kan dukkan wayoyin, ita kuma wannan wayar na mayar da saƙonninta na SIP kan TCP. Muryar na bar ta a kan UDP, domin fakitin murya da ya makara ba shi da sauran amfani, sake aiko shi ba abin da zai ƙara sai jinkiri.

Wajen zaɓen kodek na yi ɗan lissafi da ya sauya mini ra'ayi. Kodek mai suna G.711 yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, G.729 kuma 8 kacal, don haka a ido sai a ce na biyun ya fi sauƙi ninki takwas. Amma waya tana aika fakiti 50 a kowace daƙiƙa, kuma kowane fakiti yana ɗauke da bayit 40 na kanun IP da UDP da RTP, sannan WireGuard ya ƙara nasa bayit 60 da ɗan ciko. Idan aka haɗa, kiran G.711 yana kaiwa kimanin kilobit 107 a kowace fuska, na G.729 kuma kusan 50. Ragin bai wuce rabi ba sosai, ga shi kuma ingancin muryar ya ragu, don haka na tsaya a kan G.711 tunda layin zai iya ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da wani a reshe yake loda babban fayil, layin fita ya cika, murya ta fara kakkaryewa. Wayoyin suna sa wa fakitin murya alamar fifiko ta DSCP mai lamba 46, amma bayan an lulluɓe fakitin alamar tana ciki, kuma kamfanonin intanet galibi ba sa mutunta ta ko da sun gan ta. Inda nake da iko shi ne rautar reshe, a nan na taƙaita gudun fita zuwa ƙasa kaɗan da ƙarfin layin, na sa murya a gaban layi kafin a lulluɓe ta. Shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya ITU ita ce jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi daidai, kuma bayan wannan gyaran mun zauna ƙasa da haka ko da ana loda fayil.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne na ɗauke wuta, inda na kashe komai na reshen na sake kunnawa a lokaci guda. VPN ya dawo, kwamfutoci suna kaiwa babban ofis, amma wayoyin suka ƙi yin rajista, in ban da ta mai karɓar baƙi. Ita ce kaɗai ke kan TCP, kuma wannan bambancin ya isa ya bayyana lamarin. Wayoyin sun riga VPN tashi, suka aika saƙon rajista a lokacin da hanyar 192.168.20.0 ba ta wanzu ba tukuna, sai rautar ta tura shi ta intanet, ta rubuta a jadawalinta cewa wannan zancen ta can yake bi. Da yake wayar da ke kan UDP tana maimaita saƙonta daga ƙofa ɗaya zuwa ƙofa ɗaya ba fasawa, rubutun bai samu damar tsufa ya goge ba, sai rautar ta ci gaba da yi wa saƙon fassarar da ba ta dace ba ko bayan VPN ya tashi. Wayar da ke kan TCP kuwa takan buɗe sabon haɗi daga sabuwar ƙofa, don haka ta samu sabuwar hanya. Na share jadawalin, wayoyin suka dawo, sannan na rubuta doka a rautar cewa duk fakitin da za shi rukunan babban ofis, idan ba ta VPN zai fita ba, a ƙi shi tun daga bakin ƙofa. Da aka sake ɗauke wutar, duk wayoyin sun dawo da kansu.

Abu na ƙarshe da na daidaita ba na fakiti ba ne. Wayar reshe tana fita waje ne ta layukan babban ofis, saboda haka idan wani ya kira lambar agajin gaggawa daga reshe, masu karɓar kiran za su iya ganin lamba da adireshin babban ofis, kuma idan intanet ɗin reshen ya yanke, kiran ba zai fita ba sam. Na keɓe wa lambobin reshe tasu hanyar fita ta gaggawa mai nuna lambar da aka yi wa rajista da adireshin reshen, na kuma nemi a ajiye layi ɗaya a reshen wanda bai dogara da VPN ba, aka rubuta lambarsa a jikin kowace waya.